Kafin a Amince da Rumbun Bayanai: Abin da Komawa Kalakla Ke Koyarwa

Gabatarwa

Kalakla babbar unguwa ce a kudancin Khartum, a gaɓar gabas ta Farin Nilu, kan hanyar da ta tashi daga Shajara ta nufi Jabal Auliya. Tun ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, unguwar ta zauna a bakin wuta, saboda tana maƙwabtaka da sansanin tankokin yaƙi na Shajara, wanda aka daɗe ana gwabzawa a kansa. Jama'a da yawa sun bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka kawai. A watan Maris na 2025 sojoji suka sake karɓe babban birnin, masu hijira kuma suka fara komowa.

Magidancin da ya dawo Kalakla, bayan ya duba rufi da ƙofa da abin da ya saura a ɗaka, takardu zai shiga nema: shaidar mallakar gida, wadda ake kira shahadat bahs a Sudan, da lambar ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawar 'ya'yansa, da lissafinsa na banki. Idan takardun da ya bari a akwati sun ƙone ko an watsar da su, shaidar da ta rage masa ita ce abin da aka rubuta a kwamfutar hukuma. Ita kuwa kwamfutar, ta sha irin abin da gidansa ya sha: yankewar wuta ba shiri, da zafi, da ƙura, da kusan shekara biyu babu mai kula.

Ra'ayin wannan rubutu shi ne, kunnuwar na'ura da bayyanar sunaye a allonta ba su isa hujjar cewa bayanai sun tsira ba. Duk rumbun bayanan da ya ratsa irin wannan hali, abin tuhuma ne har sai an tantance daidaitonsa mataki-mataki, an rubuta sakamakon, an kuma sanar da mutanen da abin ya shafa. Ofishin da ya buɗe tagarsa kafin haka, yana iya buga hatimin hukuma a kan kuskure.

Ma'anar Muhimman Kalmomi

Rumbun bayanai shi ne tsararren kundi da kwamfuta ke riƙewa, mai jadawali-jadawali, inda kowane layi ke ɗauke da bayanin abu guda, kamar fili ɗaya ko mutum ɗaya. Tsarin da ya fi yaɗuwa a yau ya samo asali ne daga maƙalar da Edgar Codd, ma'aikacin IBM, ya wallafa a 1970. Shi kansa rumbun, fayil ne ko tarin fayiloli a kan faifan ajiya, an yanka shi shafi-shafi, tare da fihirisa da ke nuna inda kowane layi yake.

Manhajar sarrafa ajiyar fayiloli kuwa ita ce ke kula da tarin takardun da aka ɗauki hotonsu, da hotuna, da sauti, da kwafin ko-ta-kwana. Irin wannan manhaja takan raba aikinta gida biyu. Gida na farko shi ne ma'ajin da ainihin fayilolin suke. Na biyu shi ne rumbun bayanai da ke riƙe da sunan kowane fayil, da girmansa, da mai shi, da wurin da aka ajiye shi. Misalinsu kamar ɗakin karatu ne da rajistarsa. Idan rajista ta lalace, littattafai suna nan amma ba mai iya gano su. Idan littattafai suka ɓata rajista tana nan, za a yi ta aiken mai karatu zuwa kantar da babu komai.

Daidaito, a wannan fage, shi ne sassan bayanin su gaskata juna: fihirisa ta nuna layin da yake akwai, layin ya nuna fayil ɗin da yake akwai, fayil ɗin kuma ya kasance yadda aka ajiye shi ba ragi ba ƙari. A 1983 Theo Härder da Andreas Reuter suka tattara siffofi huɗu da ake buƙata ga kowace mu'amala a rumbun bayanai a ƙarƙashin taƙaitaccen suna ACID, kuma daidaito na cikinsu. Muhimmiyar ƙa'ida a ciki ita ce, aiki ko dai ya kammala gaba ɗaya, ko ya zama kamar ba a fara shi ba. Sauya sunan mai fili, alal misali, ya ƙunshi cire tsohon suna da sa sabo. Ba a yarda a tsaya a tsakani ba.

Ƙofofin da Ɓarna Ke Shiga

Ƙofa ta farko ita ce yankewar wuta a tsakiyar rubutu. Manhajojin zamani sukan fara rubuta niyyar aiki a wani kundin aukuwa kafin su taɓa ainihin shafin, domin idan wuta ta ɗauke su koma su ƙarasa ko su warware. Sai dai wannan kariya ta dogara ne da gaskiyar faifai. Akwai faifan da kan shaida wa manhaja cewa ya rubuta, alhali bayanin yana ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi, wadda ke shafewa da zarar wuta ta tafi. A nan ake samun shafi rabi sabo rabi tsoho. Na'urorin Khartum da yawa ba kashe su aka yi bisa ƙa'ida ba, wuta ce ta ƙare musu ko man janareta. Bayan komawa ma matsalar ba ta kau ba, domin a 2025 hare-haren jirage marasa matuƙa kan tashoshin lantarki, har da na madatsar ruwan Marawi da na Omdurman, sun sha jefa birnin cikin duhu.

Ƙofa ta biyu ita ce dogon zama ba wuta a cikin zafi. Faifan SSD yana riƙe bayani ne da ɗan cajin lantarki da ke tsiyayewa sannu a hankali. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC ta buƙaci faifan manyan cibiyoyi da ya cinye adadin rubutun da aka ƙiyasta masa ya riƙe bayani na wata uku a zafin digiri 40 idan ba wuta, na gida kuma shekara ɗaya a digiri 30. Sabon faifai yakan wuce haka nesa, amma babu wanda ya yi alkawarin wata 23 a ɗakin da na'urar sanyaya shi ta mutu, a birnin da zafinsa kan haura digiri 40 a bazara. Faifai mai juyawa shi ma yana da nasa ciwon, musamman idan ƙurar habub ta samu shiga ɗakin.

Ƙofa ta uku ita ce ɓarnar shiru, wadda ke aukuwa ko da a zaman lafiya. A 2008 masu bincike daga Jami'ar Wisconsin da kamfanin NetApp suka fitar da sakamakon nazarin faifai miliyan 1.53 na tsawon wata 41, suka tarar da wurare fiye da 400,000 da abin da aka karanto ya saɓa wa abin da aka rubuta. Na'urorin ba su yi ƙara ba, ba su nuna jan haske ba. Lambobin tantancewa ne suka fallasa ɓarnar.

Ƙofa ta huɗu ita ce rabuwar kwafi. Lokacin da gwamnati ta koma Port Sudan, ayyuka da dama sun ci gaba daga can. Bayar da fasfo ya tsaya na watanni kafin a sake farawa a can cikin 2023. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk suka ɗauke, abin da ya nuna yadda ƙasa guda ta rataya a kan 'yan ɗakunan na'urori a Khartum. Duk ofishin da ya ci gaba da aiki da kwafin da ya tsira da shi, yanzu yana iya samun kansa da rumbu biyu: na Khartum da ya daskare a watan Afrilun 2023, da na Port Sudan da aka yi ta ƙara wa sababbin layuka. Idan kwafin da aka gudu da shi ya girmi ranar tashin yaƙi da mako biyu, to ayyukan wannan mako biyu suna cikin tsohuwar na'ura kaɗai, kuma mai yiwuwa ne an sake ba wasu mutane lambobin da aka riga aka bayar a cikinsu.

Ƙofa ta biyar ita ce hannun mutum. Ginin da ya fita daga hannun ma'aikatansa na tsawon lokaci, ba a san wanda ya zauna a gaban na'urarsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matakan Tantancewa Huɗu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki tantancewa a matsayin maɓalli guda da za a danna. A haƙiƙa matakai huɗu ne, kuma tsallake ɗaya ba ya lamunce na gaba da shi.

Mataki na farko shi ne lafiyar ainihin abin da ke kan faifai. Ana yin sa da lambar tantancewa, wato wani lissafi da ke tace fayil komai girmansa ya fitar da gajeriyar lamba. Tsarin SHA-256, alal misali, yana fitar da haruffa da lambobi 64. Idan ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil ɗin, lambar za ta bambanta gaba ɗaya. Tsarin ajiya irin ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, yana ajiye irin wannan lamba ga kowane yanki, kuma ana iya umartar sa ya bi ma'ajin duka yana gwadawa. Sharaɗin amfanin wannan mataki shi ne a ce an lissafa lambar tun fayil yana da lafiya. Lambar da aka ɗauka bayan ɓarna, ɓarnar za ta gaskata.

Mataki na biyu shi ne ginin cikin fayil ɗin rumbu: ko shafuka suna haɗe yadda ya kamata, ko fihirisa ta dace da jadawali. Kusan kowace manhaja tana da abin yin wannan. SQL Server na Microsoft yana da umarnin DBCC CHECKDB. SQLite, wanda ke cikin kusan kowace wayar hannu, yana da PRAGMA integrity_check. PostgreSQL ya samu pg_amcheck a fitowarsa ta 14 a 2021. A ƙarƙashin waɗannan akwai masu duba tsarin fayilolin faifan kansa, wato fsck a Linux da chkdsk a Windows. Ya kamata ɗalibi ya lura da iyakar kowanne. Umarnin SQLite da aka ambata ba ya duba ko layin wani jadawali yana nuni ga layin da ya ɓata a wani jadawalin. Wannan yana da nasa umarnin daban. PostgreSQL kuma ya samu lambar tantance shafuka tun 2013, amma shekaru da yawa sai mai kafa rumbun ya kunna ta da kansa, don haka tsofaffin rumbuna da dama ba su da ita.

Mataki na uku shi ne gwada rumbu da ma'aji, kuma a nan ne manhajar sarrafa ajiya ta fi yawan tuntuɓe. Ana bin rajista layi-layi a tabbatar kowane fayil da ta ambata yana nan, sannan a juyo a bi ma'aji fayil-fayil a tabbatar kowanne yana da layi a rajista. Za a samu marayu iri biyu: layi mara fayil, da fayil mara layi. A ofishin filaye, na farko yana nufin kwamfuta ta san lambar fili a Kalakla Ƙubba amma hoton takardar cinikinsa ya ɓata. Na biyu yana nufin takardar tana nan, amma duk wanda ya bincika za a ce masa babu ita. Rumbun da ya ci jarrabawar mataki na biyu da kyakkyawan sakamako yana iya faɗuwa a nan warwas.

Mataki na huɗu shi ne gwada rumbu da gaskiyar da ke wajen kwamfuta: kundayen takarda da suka tsira, da kwafin reshe, da rasit ɗin da ke hannun jama'a, da kundin aukuwa da ke nuna wanda ya sauya me, a wace rana. Layin da wani ya shigar da gangan don ƙwace gida, manhaja za ta same shi tsaf, fihirisarsa daidai, lambar tantancewarsa daidai. Abin da zai tona shi shi ne tambayar ɗan Adam: yaya aka yi cinikin fili a watan da ofishin yake rufe?

Tsohuwar Al'ada a Sabuwar Riga

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga wanda ya san tarihin rubutun hannu a ƙasar Hausa da Sudan. Littattafan malaman Sakkwato da Katsina da Borno ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake, a cikin tadarishi, a cikin gafaka. Saboda warƙa na iya fita daga wurinta, marubuci yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama. Mai karatu na duba kalmar nan zai san ko an rasa warƙa ko an sauya jeri. Aikin da fihirisa da mahaɗan shafuka ke yi ke nan a cikin fayil ɗin rumbu.

Bayan kwafe littafi kuma akwai muƙabala, inda mutum ɗaya ke karanta asali, wani yana bin kwafi, a sa alama a gefe inda aka tsaya. Idan an tarar da kalmar da ta faɗi, a gefe ake rubuta ta tare da alamar inganci, ta yadda mai zuwa daga baya zai ga kuskuren da gyaransa. A tsangaya, gardi yakan rubuta allonsa da ka, sannan ya kai wa alaramma ya yi masa darasu. A makarantun allo na Sudan, waɗanda ake kira khalwa, shehi ne ke duba allon ɗalibi kafin a bar shi ya haddace, don kada kuskure ya zauna a ƙirji.

Ƙa'idoji biyu ne a cikin wannan gado. Ta farko, wanda ya rubuta ba shi ne mai dubawa ba. Ta biyu, gyara ba ya shafe alamar kuskure. Ofishin da ya bar ma'aikaci guda ya riƙe rumbu, ya duba shi, ya gyara shi, ya kuma rubuta wa kansa shaidar lafiya, ya faɗi ƙasa da mizanin da alarammomi suka riƙe ƙarni da ƙarni.

Haɗarin Gyara

Dubawa daban, gyarawa daban. Manhajar gyara ba ta san fili ba, ba ta san magada ba. Burinta kawai sassan fayil su daina saɓa wa juna, kuma hanya mafi sauƙi ta cim ma haka ita ce jefar da sashen da ya ƙi daidaita. Microsoft bai ɓoye wannan ba: zaɓin gyara mafi ƙarfi a DBCC CHECKDB sunansa REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS, ma'ana a gyara tare da amincewa da asarar bayanai, kuma kamfanin da kansa yana ba da shawarar a fara dawo da kwafin ko-ta-kwana kafin a kai ga wannan. Shi kuwa fsck yakan tara gutsattsarin da bai gane masu su ba a wata jaka mai suna lost+found, da lambobi a maimakon sunaye. Bayan irin wannan gyara rahoto zai fito fes, babu kuskure ko ɗaya, alhali shafin da ke ɗauke da filaye arba'in ya tafi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Saboda haka jerin aiki yana da muhimmanci. Kafin komai, a ɗauki cikakken hoton faifan ta hanyar da ba ta rubuta komai a kansa, a lissafa lambar tantancewar hoton, a kulle asalin. Duk dubawa da gwaji a yi su a kan kwafi. A ajiye rahoton kurakurai yadda ya fito. Idan akwai kwafin ko-ta-kwana mai lafiya, shi ne magani na farko. Marayun layuka da fayiloli a ware su a jera, kada a share ko ɗaya, domin kowanne yana iya zama haƙƙin wani.

Shi ma kwafin ko-ta-kwana ba a amince masa sai an gwada dawo da shi. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya share rumbun aiki bisa kuskure, aka juya ga hanyoyin ajiya biyar da kamfanin ke taƙama da su, aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin sa'a shida kafin nan ne ya cece su. A watan Disambar 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa kimanin terabayit 77 na fayilolin bincike, kuma manhajar ajiyar ce da kanta ta share su bayan wani sabuntawa da ya zo da kuskure. Ranar 26 ga Satumba, 2025, gobara a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon ta cinye ma'ajin fayilolin ma'aikata mai suna G-Drive, kimanin terabayit 858, ba tare da kwafi a wani wuri ba. Waɗannan ƙasashe ba yaƙi suke yi ba, ba kuma kuɗi suka rasa ba. Abin da ya haɗa su shi ne amincewa da ajiyar da ba a jarraba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjar Masu Cewa a Hanzarta

Akwai masu ganin wannan duka jinkiri ne da talaka ba zai iya ɗauka ba, kuma hujjarsu tana da nauyi. Matar da ta dawo Kalakla Laffa da 'ya'ya huɗu tana buƙatar takarda yau domin ta sa yara a makaranta ko ta karɓi kuɗin da ɗan'uwa ya turo ta Bankak. Ƙwararrun ma'aikata da yawa sun watsu zuwa Masar da ƙasashen Larabawa. Wuta ba ta tsayawa, kuma duba babban rumbu yana iya cin kwanaki. A irin wannan hali, a ce wa mutane su jira har a gama muƙabala, kamar ƙara musu wata azaba ce.

Amsar ita ce ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a bar ɗaya. Ana iya buɗe kwafin rumbu don karantawa kawai, a riƙa ba mutane takardar wucin gadi da aka rubuta a jikinta cewa tana jiran tabbatarwa, yayin da dubawa ke gudana a gefe. Abin da bai kamata a buɗe ba kafin tantancewa shi ne ayyukan da ba sa warwaruwa cikin sauƙi, irin sauya mallakar fili da bayar da sabuwar lambar ɗan ƙasa. Game da kuɗi kuwa, kayan dubawar da aka ambata suna zuwa ne tare da manhajojinsu, ba a saye su daban. Abin da ake buƙata shi ne faifan kwafi, da wutar rana ko batir da zai riƙe na'ura, da mutum biyu masu amana, da shugaban da zai jure matsin masu cewa a buɗe.

Akwai kuma dalili na lissafi. Kuskuren da aka kama kafin buɗewa, layi ɗaya ne za a gyara. Idan aka buɗe aka yi wata shida ana gini a kansa, an sayar da filin, an jinginar da shi a banki, an raba gadonsa, to ya zama shari'a ta shekaru. Kwafin ko-ta-kwana da ake ɗauka kullum shi ma zai riƙa kwafe ɓarnar, har tsofaffin kwafi masu lafiya su ƙare a zagaye. Dole ne kuma a yarda da iyaka guda: tantancewa ba ta raya abin da ya mutu. Ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Omdurman ya ƙone a watan Mayun 2023, kuma abin da ba a kwafe ba daga cikinsa ya tafi. Amfanin dubawa shi ne a san iyakar asara, a daina yi wa rami kallon ƙasa mai ƙarfi.

Wanda Asarar Za Ta Faɗa Wa

Kuskuren rumbun bayanai ba ya raba nauyinsa daidai. A tsarin rajistar filaye da Sudan ta gada daga dokar 1925, abin da ke cikin rajista shi ne ginshiƙin mallaka. Mai hali yana da lauya, da kwafin takardunsa a ƙasar waje, da sanayya a ofis. Wanda layinsa ne kaɗai shaidarsa, idan layin ya faɗi, shi ya faɗi.

Hausawan Sudan sun san wannan ciwo. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu dubbai sun zauna a Gadarif da Kasala da Jazira da Khartum da Omdurman a kan hanyar Hajji. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗora sharaɗin zama a ƙasar tun ƙarshen 1897, abin da ya sa zuriyar waɗanda suka iso bayan haka suka daɗe suna fama da neman hujja, kafin dokokin baya su sassauta. Iyalin da kakansu ya sha wahala kafin sunansa ya shiga rajista, ɓacewar layi ɗaya na iya mayar da su farkon tafiya. Don haka tantance rumbu batun adalci ne, kuma sakamakonsa bai kamata ya tsaya a aljihun tebur ba. A liƙa jerin lambobin filayen da aka samu da matsala a ofishin ƙaramar hukumar Jabal Auliya da masallatan unguwa, ba tare da tona sirrin kowa ba, a ba da wa'adi, a karɓi rasit da shaidar maƙwabta.

Haka abin yake ga taskar tarihi. Ofishin Adana Takardun Ƙasa da ke Khartum, wanda Muhammad Ibrahim Abu Salim ya shugabanta shekaru da yawa tun daga 1955, shi ne gidan takardun zamanin Mahadi da na mulkin Ingila da Masar. Shirin Sudan Memory, tare da King's College ta Landan, ya ɗauki hotunan takardu da kayan tarihi masu yawa kafin yaƙi. Inda asali ya salwanta, hoton ya zama asali, kuma bin lambobin tantancewarsa lokaci-lokaci ya zama wajibi kamar yadda ake kare warƙa daga gara.

Kammalawa

An ga cewa ɓarna tana shiga rumbun bayanai ta yankewar wuta, da zafi, da lalacewar shiru, da rabuwar kwafi, da hannun mutum. An kuma ga cewa tantancewa tana hawa huɗu: abin da ke kan faifai, ginin fayil ɗin rumbu, dacewar rajista da ma'aji, da dacewarta da gaskiyar waje. Ukun farko aikin manhaja ne, na huɗu aikin mutane ne masu amana.

Darasin bai tsaya a bakin Nilu ba. A Nijeriya bayanan filaye sun koma kwamfuta a hukumomi irin AGIS ta Abuja da KANGIS ta Kano, lambar NIN kuma ta zama mabuɗin layin waya da banki da jarrabawa. Ambaliyar da ta biyo ɓallewar madatsar Alau a watan Satumbar 2024 ta nuna wa Maiduguri cewa ruwa ma yana iya yin abin da wuta ta yi a Khartum. Tambayoyin da ya kamata a yi wa kowane mai riƙe da rumbu, daga sakataren makaranta har babban magatakarda, guda uku ne: yaushe aka duba shi na ƙarshe, wa ya duba, kuma yaushe aka gwada dawo da kwafinsa a wata na'ura daban? Idan babu amsa a rubuce mai ɗauke da kwanan wata da sa hannu, magidancin da ke tsaye a bakin taga da lambar filinsa a hannu yana da haƙƙin ya ƙi gamsuwa da abin da allo ya nuna masa.